Mazarƙwailar Inna ta Sallah

Jiya ƙamshin ruwan rake a kan wuta ya tuno min da Inna, uwar mijina, a Bungudu, tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba. Duk jajibirin Sallah takan dafa shi ya yi kauri, ta zuba a 'yan kasake ya daskare ya zama mazarƙwaila, ta raba wa unguwa.

Shekarar da hannunta ya fara rawa, ta miƙo min muciya. "Juya, ɗiyata. Kada ki bari ya kama, kowa mu yake jira."

Na yi ta juyawa har ya yi kauri. Ran Sallah ta gutsira, ta dubi maƙwabta ta ce, "Ta bana ta fi tawa."

Allah Ya sanyaya makwancinki, Inna.