Injin Gwangwani Goma na Malam Barau

Malam Barau maƙwabcina ne a Farin Dutse, katanga ɗaya ta raba mu. Bakaniken injin ban ruwa ne. Masu noman rani tun daga Fagam suna kawo masa inji a bayan babur, ya kwance ya haɗa, ba ya yawan magana. Matarsa Mero ta rasu shekara shida ke nan. 'Yarsu ɗaya ce ta rayu, Mahbuba, ita kuma karatu ya kai ta ƙasar waje.

Takan kira shi ranar Juma'a. Ya taɓa gaya mini cewa kiran ba ya wuce gaisuwa. Ta tambayi ƙafarsa, ya tambayi sanyin garin, sai su yi shiru, kowa na jiran ɗan'uwansa. Daga baya kiran ya koma bayan mako biyu, har ya kai wata. Bai ce ta yi laifi ba. Cewa ya yi shi ne ba shi da abin faɗa mata, kuma yana tsoron ranar da za ta ga kiran ba shi da amfani.

Wata rana ya daure ya tambaye ta ainihin abin da take bincike. Ta ce a fatar ƙwayoyin bakteriya, waɗannan halittu da ido ba ya gani, akwai wani ɗan inji da ke juyawa. Yana da zobe mai ɓangare goma, da sanda a tsakiya, da kai a sama. Wani abu kamar ruwa yana bi ta wata ƙofa ya juya zoben, zoben ya juya sandar, kan kuma ya samar da ƙarfin da ƙwayar ke rayuwa da shi. Ita tana son sanin yadda ƙwayar ke haɗa shi ne.

To, maganar haɗa inji ta zo gidansa. Ya samo gwangwanin tumatir goma ya jera su a kan tsohon gargaren keke, ya cire sanda daga wani mataccen inji, ya yi kai da murfin tukunya. Ya ɗora jarka a kan katanga, ya jawo tiyo. Wata guda yana abin nan a zaure shi kaɗai. Na leƙa na ce ko ya koma wasan yara ne. Ya ce e, tsufa ne, in zo in riƙe masa tiyo. Na riƙe, ruwa ya zubo, gwangwanaye suka juya.

Da ta kira, ina zaune. Ya sa wayar a fili don kunnensa ya yi nauyi. Ya kwashe yadda ya yi ya faɗa mata. Ya fara da zobe, sannan ya saka tiyo ya saki ruwa ya tabbatar yana wucewa, kamar yadda yake yi wa kowane inji, daga ƙarshe ya ɗora kai.

Ta yi dariya, irin wadda rabona da jin ta tun tana 'yar firamare.

"Baba, ai ka kashe ƙwayar."

"Ni? Da me?"

"Ka buɗe ƙofa babu kai. Duk ƙarfinta ya tsiyaye a banza."

Ta ce ita ƙwayar daban take haɗa zobe, daban take haɗa kai, kuma ƙofar ba ta buɗewa sai komai ya zauna a wurinsa. Ya ce ba a taɓa rufe inji ba a gwada ruwa ba. Ta ce wannan ba ya samun damar gwaji. Ya tambayi wane ne ke riƙe sassan kafin su haɗu, tunda babu bakanike. Ta ce a kan wannan tambayar take kwana take tashi. Suka yi ta musu har aka kira la'asar.

Juma'ar da ta biyo ba ta kira ba, haka ma ta gaba. Ya kwance injin gaba ɗaya, ya shimfiɗa sassan a kan buhu, zobe gefe guda, kai gefe guda.

A Juma'a ta ukun ina zaune a zaurensa wayar ta yi ƙara yana wanke hannu da kalanzir. Ko gaisuwa ba su gama ba ta tambaye shi ko ya sake haɗawa. Ya ce bai sake ba, akwai wurin da bai gane ba tukuna. Ya jawo benci ya zauna, ni kuma na tashi na ba su wuri.