Ƙwaryar da Ba a Zo Karɓa Ba

Duk sanda na ji ƙanshin kindirmo, sai gabana ya faɗi. Bari in faɗa maka dalili, ko na samu sauƙi.

Kakana yana da amini makiyayi a wajen Bakura. Kowace shekara da an gama girbi, sai ya koro shanunsa gonarmu ta bayan Talata Mafara, su ci kara su bar mana taki. Kakana ya ba shi damin gero, shi kuma ya kawo mana ƙwaryar kindirmo. A kafaɗar tsohon nan na fara ganin garke.

Ina shekara sha bakwai aka kafa mana dish. Ni ne mai rimot, ni ne mai fassara wa manya labarai, kaina ya kumbura. Lokacin an fara kai hare-hare wajen Maradun. Wata tasha ta ce 'yan bindiga ne, ta wuce. Wadda na fi so kuwa, duk labarin hari sai ta nuno mutum da sanda da malfa yana bin shanu. Hoto ɗaya ne kullum, ban lura ba. A hankali na koma ganin bindiga a bayan kowace malfa, alhali ko a hoton babu ita.

Shekarar da kakana ya kwanta ciwo, tsohon ya zo zaure neman izinin shiga gona kamar yadda ya saba. Ni na fito. Na amsa gaisuwarsa a tsaye, na ce bana mun sayar da karan. Ƙarya ce, kuma ya gane.

Ya dube ni ya ce, "Ɗana, mi anka ce na yi?"

Na ce mun gani a talabijin.

"Ni kag gani ciki?"

Ya ajiye ƙwaryar kindirmon da ya zo da ita, ya ce a kai wa mai jiki. Kakana ya sha, ya tambayi ina amininsa, na ce sauri yake. Har ya rasu bai san gaskiya ba.

Daga baya na ji tsohon ya nausa daji neman kiwo, can ɓarayi suka kwashe shanunsa kaf. Babu tashar da ta faɗa.

Yau tashoshi cike suke a wayata, kowace da irin nata hoton. Ina kallo, ina jin kunya. Ƙwaryar tana nan a ɗakin mahaifiyata, har yau ba wanda ya zo karɓa.