Ranar da Na Katse wa Alhaji Magana

Shekara biyu na yi ina koyon aikin jarida a wani gidan talabijin na Lyon, ina haɗa rahoto, ba a taɓa nuna fuskata ba. Zaman ya ishe ni. Kullum in hau bas daga unguwarmu ta Bron in dawo, hankalina yana Paris. Shugabar sashenmu, wata Bafaranshiya mai saurin fushi, ta sha faɗa mini aibina: ba na kallon babba cikin ido, ba na iya katse shi. To, a Damagaram aka haife ni, ya take so in yi?

Sai aka kira ni gwaji a Paris. In zo da baƙona, in yi masa tambayoyi minti uku, ana watsawa kai tsaye. In na ci, shirin safe nawa ne. Na roƙi wani Alhaji, ɗan kasuwa a Vaulx-en-Velin da ke gefen Lyon, aminin marigayi mahaifina, wanda ya tarbe ni ranar da na sauka ƙasar. Ya sha babbar rigarsa muka hau jirgin ƙasa. Na kasa zama, sai kai da komowa nake tsakanin kujeru.

A ɗakin watsa shirin, jar fitilar kamara ta kama, alamar an fara. Na jefa tambayar farko da Faransanci. Alhaji ya gyara zama, ya gai da ni, ya gai da masu kamara ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗauko labarin yadda suka fara fatauci da mahaifina. Daga bayan kamara aka ɗaga mini yatsa ɗaya, saura minti guda.

Na ɗago kai na dube shi cikin ido.

"Alhaji, ba wannan na tambaye ka ba."

Ya bar labarin nan take. Sannan ya ba ni amsa a taƙaice, tsaf. Ranar aka ba ni aikin.

A hanyar komawa, sai da muka kusa Lyon na juya wajensa. Na ce, "Baba, ka yafe mini."

"Ba komi, ɗana, aikinka ne. Ni dai so na yi Faransa ta ji sunan babanka, ko sau guda."

Na daɗe ina gabatar da shirin nan, na katse ministoci ko a jikina. Wannan ɗayar ce har yau take ci mini rai.