Gargaɗin da muka toshe wa baki

Har gobe ba zan manta da wata safiya ta damina ba, a tsakiyar shekarun tamanin, ina ƙaramin mai rubuta manhaja a wani kamfanin saƙa da ke Sharaɗa. Ku yaran yanzu da kwamfutarku ke cikin aljihu, tamu ɗaki guda ta cinye, ita kaɗai ke shan na'urar sanyi a duk kamfanin, mu albarkacinta muke ci.

Idan ka rubuta manhaja, akwai wata da ake kira kwamfaila, ita ke juya rubutunka zuwa abin da inji zai gane. In ta ga kuskure sai ta tsaya cak. In kuwa abin shakka ne kawai, sai ta buga gargaɗi a takarda ta wuce. A lokacin takardar firinta ta yi wahala, daga waje ake kawo ta. Saboda haka shugaban ɗakinmu, Alhaji Sabo, ya kafa doka: a saman kowace manhaja a sa layin da ke hana kwamfaila buga gargaɗi gaba ɗaya. Cewarsa surutunta ya fi na 'yan tasha.

Ɗaya daga cikin ayyukanmu shi ne fitar wa sashen rini ma'aunin haɗi: ruwa kaza, sodar wankin yadi kaza. Sodar nan in ta haɗu da ruwa kaɗan tafasa take yi, tana tsartuwa, kuma inda ta taɓa a jiki sai ta ci nama. An kafa sabon tanki babba, aka sa ni na gyara lissafin. Na gyara bisa dokar ɗaki, takardar haɗin ta tafi da safe.

A ranar kuwa Alhaji ya tafi Bompai neman takarda. Na samu wasu tsofaffin takardu masu farin baya, na ce bari dai in ji me kwamfaila, baiwar Allah, take ta son faɗa. Na cire layin. Gargaɗi suka yi ta fita, yawancinsu shirme. Can tsakiya na ga ɗaya: gurbin da na zuba adadin ruwa lamba uku kawai yake ɗauka, abin da ya haura za a yanke masa kai. Sabon tanki lita dubu ɗaya da ɗari biyu yake so. Na duba kwafin takardar safe, ɗari biyu ta ce, sodar kuwa cikakkiya.

Na tashi zumbur. Na buga wayar sashen rini, ƙarar injuna ta hana a ji. Na fita a guje cikin yayyafi, ina salati. Mai haɗin, Baba Bitrus, dattijo ne daga Filato wanda kullum ke tsokanata da “ɗan ɗakin sanyi”. Na hango shi a saman tsani, ya riga ya juye buhun farko, tankin yana huci, ya rungumo na biyu.

“Baba, ku tsaya! Kada ku zuba!”

Ya ajiye buhun ya sauko a hankali. A damtsensa akwai ɗigo biyu da suka fara ja, muka sa hannun ƙarƙashin famfo. Na ce, “Baba, ba ku ga ruwan ya yi kaɗan ba?”

Ya ce, “Na gani, ɗana. Amma injinku ne ya faɗa. An ce mana ba ya kuskure, kuma wanda ya saɓa wa takarda a bakin aikinsa.”

Alhaji ya dawo ya ji abin da ya faru. Shi da kansa ya soke dokar. Daga ranar, gargaɗi ɗaya-ɗaya muke rufewa, bayan mun karanta, mu rubuta dalili a gefen layin. Takarda kuwa gaba da baya muka riƙa bugawa.

Abin da na koya, wanda ke ƙarshen aikinmu ba ya ganin gargaɗi, takarda kawai yake gani, kuma ya yarda da mu. Tabon nan biyu ba su bar damtsen Baba Bitrus ba har ya yi ritaya. Kullum muka gaisa sai idona ya kai kansu.