Asibiti Mai Rufin Aro

Ni ne da laifi, kuma na san haka tun ranar da na aikata. Ba zan ɗora wa shaiɗan ba, don bai taɓa riƙe mini kyamara ba.

Na yi shekaru a Jidda ina aikin gini. Umara ce ta kai ni, na maƙale kamar yadda 'yan'uwanmu da yawa suka maƙale. Aikina bai wuce ɗaukar rodi da yi wa kankare ban ruwa ba, sai daga baya wani injiniya Bamisire ya ga ina ɗan karanta boko, ya sa ni riƙe masa jaka. A bayansa na ga abin da ya burge ni. Ba a zuba kankare sai an ɗauki hoton rodin da aka ɗaure, ba a binne bututu sai an ɗauki hotonsa a cikin rami. Wanda ke zaune a ofis yana ganin abin da ke ƙarƙashin ƙasa kamar shi ya haƙa. Kada a ɗauka can waliyyai ne. Na ga ginin gwamnati da ya daɗe tsaye babu mai taɓa shi, don wannan ofis yana jiran wancan, wancan kuma bai san ana jiransa ba. Amma wannan ban faɗa wa kowa ba lokacin da aka kamo mu aka dawo da mu gida.

Na sauka Daura da jallabiya da 'yar kyamara da girman kai. A majalisarmu ta kusa da Kusugu na ishi mutane da "a can Saudiyya". Suka laƙaba mini Muhandis, wato injiniya, don ba'a. Ni kuwa na riƙa amsawa da gaske. Kawuna ne ya samo mini aiki a sashen ayyuka na wata ƙaramar hukuma a ƙasar Daura, ba sai na faɗi wacce ba.

Yadda labarin aiki ke tafiya a wannan ofis, ko yara masu wasan gidan ƙasa sun fi mu tsari. Ɗan kwangila zai ce wa mai duba aiki, "An kusa." Mai duba aiki, wanda bai je ba, zai ce wa shugaban sashe, "An gama, saura fenti." Shugaban sashe ya rusuna gaban ciyaman ya ce, "Ranka ya daɗe, sai sa ranar buɗewa." Duk bakin da maganar ta bi sai ya ƙara wa ginin layin bulo. In ka nemi zanen gini sai a ce yana wurin wane, wane kuma ya tafi ta'aziyya. Da idona na ga masinja yana cin tsire a kan zanen wata kwalbati.

Na raina su, kuma har yau ban ga dalilin da zai sa in daina ba. Na samu ciyaman na ce masa a daina yarda da baki, a koma hoto, kamar yadda Larabawa ke yi. Ya ji an ce Larabawa, nan take ya amince.

A waɗancan shekarun ne aka ƙaddamar da Shari'a. Mutanen da na san su da kwana a gidan rawa duk suka wayi gari da gemu da wando ɗangalalle. Ma'ajinmu, wanda gemunsa bai gama fitowa ba, shi ya fara tashi ya ce hoto haram ne. Ni na san ba hoton yake tsoro don Allah ba. Aka je aka tambayi wani malami, ya ce gini ba shi da rai, babu laifi, amma a kiyaye mutum da dabba. Shi ke nan ta zama doka a ofis, kada mai rai ya fito a hoton aiki. Ko kaza ta gifta sai in sauke kyamara in jira ta wuce.

Da farko abin ya yi aiki. Na kama wani da ya ɗaure ginshiƙi da rodi siriri kamar tsintsiya, aka sa shi ya rushe. Na riƙa tafiya kamar ni na gina Ka'aba. Amma 'yan kwangila ba wawaye ba ne. Akwai wani Alhaji, dillalin shanu ne, bai taɓa riƙe cokalin magini ba, sai dai ƙanwarsa tana gidan wani babba. Shi ya jawo ni jiki. Yau rago, gobe shadda, jibi ya aiko da mota a kai mahaifiyata asibiti. Wata rana yana tauna goro ya ce mini, "Muhandis namu, kai da ka zauna da Larabawa ai ka san hoto ba ya rantsuwa da Alƙur'ani. Abin da ya gani kawai yake nunawa. Mu kuma sai mu nuna masa abin da zai gani."

Na yi dariya. Na ce a raina ai gaskiya ne, shaidar zur da baki ake yin ta, ni kuma ba zan buɗe baki ba.

An ba Alhaji aikin ƙaramin asibiti a wani ƙauye. Filin kuwa wani dattijo ne ya bayar, gonarsa ta bakin hanya, wadda ta fi duk gonakinsa albarka, da wani babban gawo a kusurwarta. 'Ya'yansa ba su so ba, ya ce sadaka ce mai gudana, su bar shi ya aika da guzuri gaba. Mutanen gari suka ɗora shi a kan kula da aikin, don mutum ne da in ya ce ya ga wata, ba a sake ɗaga kai sama.

Alhaji ya tayar da bango, ya jera katako a gaba, ya shafa wa fuskar ginin fenti. Ranar hoto muka zo da a-kori-kura ɗauke da kwano da tagogi da wata ƙofa mai shuɗin fenti. Kafintoci suka shimfiɗa kwano a gefen da ke kallon hanya, ƙusa nan da can, don dai kada iska ta ɗauka. Aka maƙala ƙofa, aka rataya labule a tagogi don kada sararin sama ya leƙo ta ciki. Ta baya kuwa kango ne, ciyawa har gwiwa.

Dattijon ya aiko wa ma'aikata da fura, sannan ya fito cikin babbar rigarsa ta Juma'a ya tsaya a bakin ƙofar, ya gyara hula.

"Yaro, ɗauke ni a nan, jikokina su gani."

"Baba, ai Shari'a ta hana hoton mai rai. Ɗan matsa gefe."

"Subhanallahi! Ban sani ba, Malam. Allah ya ƙara ilimi."

Ya matsa da sauri, har yana korar wata akuya don ta kauce mini. Na durƙusa na ɗauka daga ƙasa, yadda rufin zai cika ido. Ina miƙewa kafintoci suka hau suka fara ɓamɓarewa.

"A'a, yaro, lafiya? Ina za a kai kwanon?"

"Bai yi daidai ba, Baba. Marar kauri aka kawo. Za a kai a canzo mai kauri."

"To madalla. Gara da ka duba. Allah ya yi maka albarka."

Wannan kwano da wannan shuɗiyar ƙofa sun ga duniya. Sun yi makaranta a wani ƙauye, sun yi ɗakin shan magani a wani. Duk wanda ya buɗe kundin hotunan da muka aika Katsina da ido biyu, zai ga ƙofa ɗaya ce da tabo ɗaya a ƙasanta. Babu wanda ya duba. Manyan can suka yaba, suka ce sauran ƙananan hukumomi su yi koyi da mu. Aka rubuta asibiti ya kammala, aka rufe maganarsa.

Damina ta sauka a kan kangon. Bango ya tsage, awaki suka tare a ɗakin haihuwa. Mutanen gari suka fara tambayar dattijon ina kwano. Da ya gaji da cewa yana hanya, sai ya hau motar kasuwa ya zo ofis. Ina zaune a ɗakin shugaban sashe aka shigo da shi. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya yi bayani a natse. Shugaban sashe ya jawo kundi ya buɗe masa.

"Baba, wannan ba gawon gonarka ba ne?"

"Shi ne, Yallaɓai."

"Wannan fa, rufi ne ko ba rufi ba?"

"Rufi ne. Amma a ranar aka cire."

"Ka ji! Gwamnati ta rufa muku asibiti, kun ɓamɓare kun sayar, ka zo nan da furfurarka kana neman wani. Ka san abin da ake yi wa ɓarawo yanzu kuwa? Ka ƙirga hannuwanka kafin ka fita."

'Yan ofis suka tuntsire da dariya. Dattijon ya waiwayo ya gan ni, fuskarsa ta saki.

"Alhamdu lillahi, ga yaron nan. Shi ya ce za a kai a canzo. Yaro, gaya musu."

Ina goge gilashin kyamara da bakin rigata. Ban ɗago ba na ce, "Ni dai hoto kawai na ɗauka, Baba."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya tashi ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita, bai sa su ba har bakin titi.

Kansilan yankin yana wurin, shi ya kai labari gida da gishirinsa. Daga nan aka daina kiran dattijon shaidar cinikin gona, aka daina neman shi a ɗaurin aure. Ni duk ban sani ba, ban kuma nemi sani ba. Mulki ya canja hannu, sababbin suka zo da nasu mai hoton, aka sallame ni. Na koma ɗaukar hoton fasfo a kasuwanni. Alhaji kuwa in mun haɗu sai ya ɗaga mini yatsa ɗaya daga cikin mota.

A kasuwar garin Babban Mutum na ji wasu 'yan ƙauyen dattijon suna cinikin tunkiya. Ɗaya ya yi rantsuwa, ɗayan ya ce, "Kai tafi can, rantsuwarka ta Baba Mai Kwano ce." Na tambaya wane ne haka. Suka ba ni labari suna dariya, har da cewa yanzu a sahun baya yake salla, kusa da takalma. Na mayar da kayana cikin jaka, ban ƙara ɗaukar kowa ba a ranar.

Ban tafi nan da nan ba, kada in yi wa kaina ado. Na yi ta ɗagawa, ina cewa sai an yi girbi, sai bayan Salla. Matsoraci ba ya rasa gobe. Daga ƙarshe wata Juma'a na je masallacin ƙauyen. Ana sallamewa na miƙe na ce jama'a su dakata, ina da magana a kan dattijon da kwanon asibiti. Liman ya ji inda na dosa, ya ce, "Malam, Allah yana son sutura, ka same shi a gida mana." Na ce, "Allah gafarta Malam, a gaban mutane na kunyata shi."

Na ratsa sahu har baya. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi hazo, sai da na matso ya gane ni. Na durƙusa a gabansa na ɗaga murya yadda na waje ma za su ji.

"Jama'a, ku shaida. Baba bai sayar da kwano ba, bai taɓa ko ƙusa ɗaya ba. Kwanon na aro ne, mu muka zo da shi, mu muka tafi da shi, ni ne na ce masa za a canzo, alhali na san ƙarya nake yi. Ya kira ni shaida na juya masa baya. Baba, gonarka ta tafi a banza ta dalilina, na kuma bari aka kira ka ɓarawo ina zaune. Ba ni da abin da zan mayar maka. Na zalunce ka. Don girman Allah ka yafe mini."