Kaset ɗin Kakar Baƙo

Muna idar da sallar asuba muka bar Agadas, a motar da aka cika da buhunan albasa da ma'aikatan ma'adini. Kaya zan kai wa yayana a Arlit, garin da yanzu ko shayi ka sha sai aljihunka ya shaida. Tun da kuɗin uraniyam suka shigo, kowa kallon na kusa da shi yake da wutsiyar ido, ni kuwa dama ban iya yarda da mutum ba.

A gefena akwai wani baƙo, shi ba Bature ba, shi ba Bajapane ba, wai injiniya ne. Ya rungume 'yar rediyo mai kaset, yana kara ta a kunne, yana maimaita wasu kalmomi daga can cikin maƙogwaro, yana rubutawa. Ina jin Faransanci, ina taɓa Buzanci, amma wannan ban taɓa jin irinsa ba. Da muka tsaya cin gurasar da Buzaye ke gasawa cikin rairayi, na miƙa masa ya karɓa, bai ajiye rediyon ba. Na ce a raina, lallai biri ya yi kama da mutum, ɗan leƙen asiri ne.

A shingen shiga gari na ja jandarma gefe na raɗa masa zatona a kan baƙon. Ya karɓi kaset ɗin ya saurara, ya ji muryar tsohuwa, bai gane komai ba, ya jefa shi aljihu.

Baƙon bai yi faɗa ba. Da mota ta tashi ya ce mini da Faransanci, bai san aikina ne ba: "Kakata ce. Yarenmu nake koyo, Aleut, na wasu tsibirai masu sanyi. Masu jin sa sun kusa ƙarewa. Ta rasu, muryarta ke nan da ta rage mini."

Kwanana uku a Arlit, ko naman da yayana ya gasa mini ban ji daɗinsa ba.

A hanyar dawowa na sauka a shingen in roƙi kaset ɗin. Jandarman ya nuna rediyonsu yana dariya: "Ga shi can yana yi, Malam. Surutun tsohuwa ne kawai, mun ɗauki kiɗa a kai."

Na iso gida lafiya, amma da kunyar da ban san inda zan kai ta ba. An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, nawa kuwa ko gaskiyar bai zama ba. Mutuwa ta bar wa jikan nan muryar kakarsa, ni na je na rufe mata baki.