Kwandon Barkonon Kawu

Har yau idan na ji ƙaurin barkono ana daka shi, haushin kawuna nake ji. Ina ƙarami aka kai ni riƙo gidansa, a wani ƙauye bayan duwatsun Dutse. Ƙarshen damina yakan tura ni lambu tsinkar barkono, ya ce jajaye kawai. Ni kuwa, wallahi, ja da kore kusan ɗaya suke a idona. In cika kwando, matarsa ta zazzage a tabarma, shi kuma ya karyo tsumagiya.

"Dubi malam-buɗe-littafi," in ji shi. "Kansa bai kai ƙwayar gero ba, amma ba ya kasa gane furen da yake so. Ƙwaro ma ya fi ka."

Yara suka ɗauki maganar suka riƙa tsokanata da ita. Na tsani ƙwarin nan, har na riƙa bin su da reshe ina kashewa.

Bara na ba 'yata labarin, wadda ke karatu a Kafin Hausa. Ta ce, "Baba, ai da gaske malam-buɗe-littafi ya fi mu." Wai abubuwan da ke karɓar launi a idon mutum iri uku ne, nasa sun fi haka. Ƙwaƙwalwarsa tana gwada saƙon wannan da na wancan ta fitar da launi, har yana ganin zanen jikin fure da mu ba ma gani. "Ku kuma ɗaya cikin ukun ne ba ya aiki daidai. Gado ne, ta wajen uwa yake biyowa."

Ta wajen uwa! Kawu wan mahaifiyata ne. Sai na tuna ban taɓa ganin ya tsinki barkono da hannunsa ba, kuma bai taɓa dukana ba sai matarsa ta yi tsaki tukuna.

Na sayi barkono gauraye na tafi ƙauye. Kawu ya tsufa, amma har yanzu yana zura allura. Na durƙusa na gaishe shi, jikokinsa na zaune, na dire kwandon a gabansa.

"Kawu, a taimaka a ware mini jajayen."

Ya daɗe yana kallon kwandon. Can ya waiga zai kira matarsa, wadda ta jima da rasuwa.

Yanzu yaro mai irin idona asibiti ake kai shi, kuma 'yata ta ce da na yi haƙuri. Ni dai na gyara zama na ce, "Ba na sauri, Kawu. Ina jira."